Kujerar 'Yan Gabas

Amatullahi Alhassan lauya ce. A shekarun nan, in ka shiga kotu a Sabon Birni ko a Isa ka ji muryar mace tana ja da wani lauya kan iyakar gona, ba sai ka leƙa ba, ita ce. A Burkusuma aka haife ta, inda mahaifinta Malam Alhassan yake karantar da fiƙihu a zaurensa, kafin fitinar 'yan bindiga ta taso su zuwa Sabon Birni. Mahaifiyarta, Inna Kande, 'yar Tsibiri ce, can ƙetaren iyaka ta wajen Maraɗi. A ƙasar Gobir wannan ba abin magana ba ne. Mutum kan yi sallar asuba a nan, ya hau babur, kafin hantsi yana can yana cin sunan ɗan ƙanwarsa.

Yawancin masu zuwa ofishinta mutanen ƙauye ne da suka gudu, suka koma suka tarar wani ya shuka gero a gonarsu, ko matan da aka kashe mazansu 'yan'uwan miji suka danne gadon marayu. Tana son aikin, amma abin da take buri tun tana ɗaliba shi ne ta koyar. Don haka ta yi digiri na biyu tana bin hanyar nan da kowa ke tsoro saboda 'yan bindiga, tana kwana a gidan wata ƙawarta a birni, ta dawo ta shiga kotu da idanu jajur. Da wata sabuwar jami'a ta ce tana neman malamai a tsangayar shari'a, ta nema, aka kira ta ganawa.

Farfesa Sodangi, shugaban tsangayar, shi ne ya jagoranci masu tantancewa. Sun riƙe ta fiye da kowa. Suka tambaye ta dokar filaye, suka tambaye ta gado, wani ya so ya ɗaure ta da wata mas'ala ta shaidar mata, ta warware masa ita daga littafin da ta haddace a gaban mahaifinta tun tana ƙarama. Farfesa ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Tana tattara takardunta sai wani mai farin gilashi ya nuna kumatunta da biro ya ce:

“Wannan zanen naku na Gobirawa, na wannan ɓangaren ne ko na wancan?”

Aka yi dariya. Ita ma ta murmusa, don an saba yi musu irin wannan wasan.

Bayan wasu makonni wani ma'aikacin jami'ar ya kira ta a waya ya ce an sami bayani cewa akwai shakku a kan asalinta, ana cewa 'yar Nijar ce. Ta nemo shaidar ƙaramar hukuma, ta je har wajen hakimi, ta hau mota ta kai musu da hannunta. Mutumin da ya karɓa bai ko buɗe ba. Ya ce ai an riga an rufe, an ba wani.

Ranar da ta dawo ta tarar da Inna Kande tana tsince zogale a tsakar gida. Labari ya riga ta isowa. Tsohuwar ba ta ɗago kai ba ta ce:

“Ni na ja maki, ɗiyata. Da Malam ya ɗauko 'yar Kurawa ko 'yar Turba, da yanzu kina can kina karantarwa. Ki gahwarta mani.”

Amatullahi ta tsaya da jaka a hannu. Rashin aikin bai ƙona mata rai kamar wannan maganar ba. Matar da ta yi shekaru tana dafa wa ɗaliban Malam tuwo, ta binne 'ya'ya biyu a ƙasar Burkusuma, yau ita ce take neman gafara don an haife ta a garin kakanninta. Ta durƙusa ta ce, “Inna, kar in ƙara jin wagga magana bakinki.” Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, ta zauna a bakin gado.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata ranar Laraba wayarta ta yi ƙara, ta ga Kamaluddeen ne. Kamaluddeen ɗan Sabon Birni ne, ya girme ta, kuma a zauren mahaifinta ya yi karatun littattafai kafin ya tafi boko. Shi kaɗai ne ɗan yankin da ke koyarwa a tsangayar, shi ya sa tun da abin ya faru take sa ran zai kira ya jajanta mata. Bai kira ba sai yau.

“Ƙanwata, albishirinki. Muna tahe Isa. Tsangaya da Zauren Lauyoyin Kwarin Rima sun haɗa taro, sunanshi A Dama da Kowa. Ana son mu 'yan gabashin jiha mu shigo harkar lauya, mata musamman. Farfesa da kanshi yac ce ki zauna babban tebur.”

Ta ce ba za ta je ba. Amma an gayyaci Malam Alhassan ya buɗe taron da addu'a, shi kuwa ya ce mata, “Ki tahi ki ji da kunnenki. In ba ki je ba za su ce an kira ku kun ƙi.” Ta shirya.

Baƙin sun iso Isa da motocin sojoji gaba da baya. An share ɗakin taron wata makaranta, an jera kujerun roba, an kwaso 'yan mata da samari na ajin ƙarshe daga makarantun garin, ga malamai da wakilan hakimai. Amatullahi tana fitowa daga mota ta yi ido biyu da kanta. An ɗaura wani ƙaton ƙyalle daga bishiya zuwa bishiya, a tsakiyarsa ga hotonta da rigar lauya, wanda ta manna a takardar neman aiki. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: 'YAR GOBIR, ABIN ALFAHARINMU.

Ta daɗe tana kallonsa. 

Farfesa Sodangi yana tsaye a inuwar darbejiya yana shan ruwan gora. Dattijo ne mai fara'a, ya yafito ta.

“Barista, kin ga hotonki? Ni na ce a sa shi tsakiya.”

Ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan ta ce, “Na gani, Malam. Tambaya gare ni. Hoton 'yar wace ƙasa kunka sa?”

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya gyara babbar rigarsa.

“Wancan zancen ya wuce, ki bar shi. Ni kaina ban ji daɗi ba, don kin fi kowa ranar nan. To amma ki duba, mu ba mu san ku ba, ba mu san danginku ba. Wanda ya san gidanku shi yac ce a bincika. In ɗan gari ya ce akwai shakku, mi za mu yi?”

“Wane ɗan gari?”

 Farfesa ya kalli ƙofar ɗakin taro, inda Kamaluddeen yake bubbuga makirfo yana gwadawa.

“Mutum nawa gare mu daga gabas?” in ji shi. Ya rufe gorarsa. “Yanzu dai ga dama ta samu. Za mu kafa kwamitin damawa da kowa, ina son ki zama mataimakiyar shugaba.”

“Aikin koyarwar fa?”

“Sai an sake talla. Kuma kin san muna da ɗan Sabon Birni tuni, sai a duba sauran wurare.”

Ta ce, “Na gode, Malam.” Ta juya ta shiga.

Malam Alhassan ya buɗe da addu'a. Shugaban Zauren Lauyoyi ya yi magana, rabi Hausa rabi Turanci. Farfesa ya tashi ya ce ƙofar tsangayarsu a buɗe take ga kowa, ba sa duba gari, ba sa duba jinsi, abin da ke damunsu shi ne 'yan gabas ba sa nema. Ya ce wa 'yan matan su dage. Aka tafa. Duk wannan Amatullahi tana zaune a babban tebur, kwalbar lemo a gabanta ba ta taɓa ba, tana kallon ƙeyar Kamaluddeen. Ta tuna shi yana yaro a zaure, Inna tana ƙara masa miya don ta ce ya fi sauran rama.

“Yanzu kuma,” in ji Kamaluddeen cikin murya mai daɗi, “za mu ji daga bakin ƙanwata, abin koyi ga 'yan matanmu.”

Ta karɓi makirfo. Ta yi sallama, ta gaida malamai da iyayen ƙasa, ba ta tsallake kowa ba. Sannan ta juya ga 'yan makarantar.

“An ce maku ba mu nema. Ni na nema. An kira ni, an tambaye ni, Farfesa da bakinshi yac ce mani yau na fi kowa. Ba a ba ni ba. An ce uwata 'yar Tsibiri ta, don haka ba a san ko ni 'yar ƙasar ga ba ta.”

 Wani daga babban tebur ya yi gyaran murya.

“Tsarin mulkin da suke karantarwa ya ce wanda anka haifa a ƙasar nan, in ɗaya cikin iyayenshi ko kakanninshi ɗan ƙasa na, to shi ma ɗan ƙasa na. Ɗalibin ajin farko ya san wannan. Farfesoshi sun zauna sun manta da shi a kaina. Ban isa in tsaya gaban allo a tsangayarsu ba, amma na isa a ɗaura huskata a bishiya.”

Kamaluddeen ya matso yana murmushin dole, ya miƙa hannu. Ta ja da baya.

“Ina roƙon arziki. Duk wanda ke ɗakin ga da ke da uwa, ko kaka, ko mata, ko suruki a Tsibiri, ko Maraɗi, ko Madarunfa, ya ɗaga hannu.”

Da farko ba wanda ya motsa. Sai wani wakilin hakimi, tsoho mai jar dara, ya ɗaga. Sai malamai biyu. Sai hannuwa suka tashi ta ko'ina, har cikin 'yan matan. Waɗanda ba su ɗaga ba ba su cika layi biyu ba, in aka cire baƙi.

“To kun gani, Malam. Waɗanga su na kunka zo ku ce su nemo. Duk wanda yaz zo, da wagga sanda za a kore shi.” Ta juya. “Yaya Kamalu, kai ban ga hannunka ba.”

Fuskarsa ta sauya. Daga baya can wani dattijo ya ce da ƙarfi, “Ai marigayiya uwarshi 'yar Madarunfa ta, ni na raka ɗaurin auren.” Dariya ta ɓarke, wasu suna salati.

Aka kashe makirfon. Ta ajiye shi a tebur ta ci gaba da muryar da take amfani da ita a kotun da ba lantarki.

“Shi yak kai masu maganar. Ya ci tuwon uwata, yaj je yas sayar da ita don kujera. Ku kuma kunka saya, don ta yi maku arha. Ba ni son kwamitinku. Ku sauke mani hotona.”

Ba wanda ya tashi. Ta fita da kanta, ta je gindin bishiyar ta kwance igiyar. Ƙyallen ya zubo ya rufe gilashin motar Farfesa. Wani soja ya dube ta, ya dubi ƙyallen, ya kawar da kai.

A hanyar komawa Sabon Birni suka wuce gonakin dawa da aka bari ba a girbe ba. Sannan Malam Alhassan ya ce, ba tare da ya kalle ta ba:

“Abin da kinka hwaɗa ma Farfesa gaskiya na, ban hana ki ba. Amma uwar Kamalu ba ta yi maki komi ba. Tana ƙasa. Kin sa an ambace ta ana dariya.”

“Baba, Inna ma ba ta yi masu komi ba, kuma tana da rai tana jin abin da anka ce.”

Malam ya ja carbinsa. Bai ce ta yi daidai ba, bai kuma ƙara cewa ta yi laifi ba.

Washegari bayan la'asar Kamaluddeen ya yi sallama a zaure. Bai bi ayarin ya koma birni ba. Ya durƙusa gaban Malam ya daɗe, har Malam ya aika aka kira ta. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi zama.

“Ban zo in kare kaina ba,” in ji shi, idonsa a tabarma. “Amma ki sani, har yau ba a tabbatar da ni ba, aikin wucin gadi nike. Da sakamakonku ya hito, an kira ni ofis an ce gabas kujera guda gare ta. An ce ke mace ta, kuma kin fi ni takardu, in an ɗauke ki an jefi tsuntsu biyu da dutse guda. Ina da iyali, Amatu. Ban ce ke 'yar Nijar ba ta. Cewa na yi uwarki daga can take, a duba.”

“Ka san abin da za su yi da ita.”

“Na sani.”

“An ce maka kujera guda ta, ba ka tambayi wa yac ce guda ba? Unguwa guda cikin birni tana da malamai nawa a tsangayar nan? Ka taɓa jin an ce masu kujerarsu ta cika? Da ka zo nan ka gaya mani, da mun tahi tare mun tsaya masu a wuya. Sai ka zaɓi ka ture ni, su kuma suna zaune suna kallonmu.”

Ya ce, “Ki yahe mani.”

“Ba ni za ka roƙa ba. Ga ta can cikin gida.”

Ya shiga. Amatullahi tana jin Inna tana cewa ba komi, ba komi, tashi ɗana, har tana tambayar lafiyar yaransa. Wannan ma ya ƙara mata haushi. Ta ɗauki mayafi ta tafi ofis.

Kafin sati ya zagayo ta shigar da ƙara a babbar kotu, tana neman a bayyana cewa an nuna mata bambanci saboda asalinta. Zauren Lauyoyi ya rabu biyu a kanta. Wasu suka ce ta ci mutuncin manya a gaban yara, a kai ta kwamitin ladabtarwa. Wasu, yawanci matasa da matan da ba a taɓa ba wa wani muƙami ba sai na kula da walwala, suka ce in an kai ta su ma a haɗa da su. Shugaban ya bar maganar ta mutu. Kwamitin damawa da kowa ya zauna sau ɗaya a wani otal, bai sake zama ba. Wasu manyan lauyoyi da suke turo mata ƙananan ayyuka suka daina.

Shari'ar ta yi ta jan ƙafa. Yau lauyan jami'a ba shi da lafiya, gobe alƙali ya tafi taro. Kowane zama sai ta bi hanyar nan ta je, a ɗage, ta dawo. Ana cikin haka jami'ar ta sake talla. Ta nema, aka ce ba za a duba wadda ke ƙarar su ba. Kamaluddeen ma ba a sabunta masa ba, don ya zama abin kunya gare su. Ya koma wani ofishin lauyoyi a birni. Amma da yake maganar ta yi ƙara, lauyansu kuma yana bukatar abin nuna wa alƙali, sai suka ɗauki mutum biyu daga gabas, wani saurayi ɗan Isa da wata Sumayya 'yar Turba, wadda ta yi koyon aiki a ofishin Amatullahi.

Mutane suka riƙa zuwa yi mata barka, suna cewa ai ita ta buɗe ƙofar. Tana amsawa da ladabi, amma abin bai sanyaya mata rai ba. Ba don ta buɗe wa wani ƙofa ta kwana a kan littattafai ba. So take ta shiga.

Wata safiya tana harabar kotu a Isa, wata bazawara daga ƙauye tana riƙe da gefen mayafinta tana maimaita mata sunayen shaidu, sai Sumayya ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Anti, muna taron malamai. Farfesa ya ce in tashi in raba shayi, tunda ni ce mace kuma ƙarama. Na ce za ni kewaya, shi na na hito in tambaye ki.”

“Akwai masinja a tsangayar?”

“Akwai.”

“Ɗan Isan da anka ɗauke ku tare, an ce ya raba?”

“A'a.”

“To koma ki zauna kujerarki. Kar ki taɓa tiren nan. In ya sake magana, ki ce kina da abin cewa kan batun da ake tattaunawa, kuma ki tabbata kina da shi.”

“In ya yi hushi fa?”

“Sai ya yi.”

Magatakarda ya leƙo ya kira shari'arsu. Amatullahi ta kashe wayar, ta zura baƙar rigarta, ta ce wa bazawarar ta saki mayafin ta biyo ta.